Babi Na Biyar: Littafin Nan Ya Yi?

Ina aji biyar na firamare aka naɗa ni ɗan aiken littafi a gidanmu, babu wanda ya nemi shawarata. Yayata da amaryar kawunmu su ne masu karatun, su kuwa ba fita suke yi ba, don haka ni ne ƙafarsu. Da an yi la'asar za a damƙa mini littafin da aka gama, an cusa shi cikin baƙar leda saboda idon Baba, a haɗa mini da 'yan canji, in kama hanyar shagon mai haya. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. An ja igiyoyi daga wannan bango zuwa wancan, an rataye littattafai kamar shanyar wanki, ko'ina ka duba fuskokin 'yan mata ne masu dara-daran idanu. Mai shagon yana da dogon littafi mai layi-layi inda yake rubuta sunan littafi, da ranar da aka ɗauka, da gidan da ya tafi. Sunan matar aure ba ya shiga rajistarsa. Namu "gidan dalbejiya" yake rubutawa.

Kafin ya karɓi kuɗi sai ya yi tambayar da ba ya fashinta: "To, me suka ce? Ya yi?"

Ni kuma in sauke saƙo yadda aka ɗora mini. "Yaya ta ce ya yi, a ba ni na biyu." Ko kuma, "Ta ce wai kada ka ƙara aiko mata da littafin matar nan, surutu ne kawai." Wata rana kuwa saƙo biyu nake ɗaukowa masu karo da juna: Yaya ta ce ya yi, Amarya ta ce an ɓata mata dare a banza. Ranar sai ya yi dariya ya ce, "Yauwa, wannan shi ne littafi," ya mayar da shi igiyar gaba, wadda take daidai idon mai shigowa. Sai da na girma na gane ba son hira ke sa shi tambayar ba. Ba shi da lokacin karanta ko rabin abin da ya rataye. Da bakin yara irina yake auna kayansa, da shi kuma yake sanin abin da zai saro in ya shiga kasuwar Sabon Gari, wace marubuciya zai ɗauko kwafi uku nata, wa zai wuce kamar bai gani ba.

Akwai wani ma'aunin da ba ya jiran bakin kowa, wato jikin littafin. Wanda ya karɓu ba ya wata guda da bangonsa. Za ka gan shi an manne da salatif, salatif ɗin ma ya yi baƙi, an ɗinke gindinsa da zare da allura, shafukan tsakiya sun yi laushi kamar tsohuwar naira. A wani shafin akwai ɗigon manja, a wani ƙamshin turaren wuta, shaidar ɗakunan da ya kwana. Wasu ma ba sa iya haƙuri sai sun sa biro. Na taɓa buɗe wani a hanya, a gefen shafin da kishiya ta kai uwargida wurin boka na ga an rubuta "Allah ya isa", a ƙarƙashinsa kuma wata da tawada daban ta ƙara "amin". Matan nan biyu mai yiwuwa har suka tsufa ba su san juna ba. Littafin da ka tarar fes, kusurwoyinsa a miƙe bayan ya yi damina guda a igiya, to an riga an yanke masa hukunci, ko da babu wanda ya buɗe baki ya zage shi.

Hukuncin nan kuwa yana da haƙora, saboda yadda ake buga littattafan. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da naira ta fara faɗuwa, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya da buga ƙagaggun labarai, marubuta suka koma buga abinsu da kansu. Mai ɗan jari ba zai iya fitar da labari mai kauri lokaci guda ba, sai ya yanka shi gida biyu ko uku ko huɗu. Ya buga na ɗaya, ya kai wa 'yan kasuwa, ya zauna jiran ciniki. Kuɗin na ɗaya su ne jarin na biyu. Saboda haka duk yarinyar da ta ce "a ba ni na biyu" ƙuri'a ta jefa, kuma ƙuri'ar tana iya rayar da labari ko ta binne shi. Akwai labaran da suka tsaya cak a na ɗaya, an bar budurwa a bakin ƙofar ɗakin da za a ɗaura mata auren dole, har yau tana nan tsaye. Marubutan ma sun san da haka, shi ya sa suke yanke na ɗaya daidai inda numfashi ya tsaya. Da yawansu kuma sukan sa adireshinsu a littafi, wasiƙu su yi ta zuwa. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, masu karatunta ne suka mayar da ita Anti Bilki, sunan da ba a ba baƙuwa.

Yanzu duniya ta saba da wani ma'aunin daban, na taurari. Shafin Goodreads, wanda aka buɗe a Amurka a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye a 2013, ya koya wa miliyoyin mutane su gama littafi su danna tauraro ɗaya zuwa biyar, na'ura ta tara ta raba ta fitar da matsakaici. Manhajojin da ake karanta littattafan Hausa a waya su ma suna da nasu ƙidayar, ta yawan waɗanda suka buɗe da waɗanda suka nuna sun so. Ba na raina abin. Mai neman abin karantawa cikin dubban sunaye yana bukatar wanda zai nuna masa hanya. Amma a duba lissafin: mutum biyu, ɗaya ya ba da biyar, ɗaya ya ba da ɗaya, sakamako uku. Wasu biyun kowa ya ba da uku, sakamako uku. A wurin na'ura littattafan nan biyu tagwaye ne. Mai shagonmu, wanda ko sakandare bai gama ba, ya san na farko shi ake ratayewa a igiyar gaba, na biyu kuma a bar wa ƙura.

Ga kuma matsalar bakin Bahaushe, wanda ba ya shiga lamba cikin sauƙi. Kawaici ya hana mu yabo kai tsaye, kunya ta hana mu kushe kai tsaye, sai muka ƙera kalmomin da sai ɗan gida yake sanin nauyinsu. Dattijo ya rufe littafi ya cire tabarau ya ce "ba laifi", wannan yabo ne babba, wataƙila ya fi na matashin da ya ce "ya haɗu ƙarshe", don shi matashin haka ya ce wa na jiya da na shekaranjiya. "Ya yi ƙoƙari" kuwa, in kai ne marubucin, kada ka yi murna, ana nufin an ga wahalarka ba a ga amfaninta ba. "Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai baki biyu, sai ka saurari muryar da aka faɗe ta. Wadda ta ce "da sauranta" ta yi maka adalci. Wadda ta ce "shirme" ta huce haushin kuɗin hayarta. Yabon da ya fi kowanne a gidanmu ba ya ma kama da yabo, ƙorafi ne: "Littafin nan ya sa tuwona ya kama." Ranar da na kai wa mai shago wannan saƙon bai ce komai ba, washegari na ga kwafi biyu sababbi a igiya.

To me ake aunawa a wannan lokacin, da an rufe bangon baya ido bai gama bushewa ba? Na daɗe ina sauraron masu karatu, a gida da makaranta da cikin mota, kuma abin da na lura shi ne ba kasafai ake yi wa littafin shari'a ba. Mutanen cikinsa ake gurfanarwa. Abin dariya, mu ma kalmarmu ke nan, tauraro da tauraruwa, ga su nan cikin labari, kuma su ake ba maki. Ka tambayi mai karatu yaya littafi, sai ta ce, "Ni wallahi mijin nan ya ba ni haushi," ko "Ai yarinyar ce ba ta da wayo." Tana magana kamar wadda aka kira sulhun rikicin dangi. In mugu ya ga sakayya daidai laifinsa, littafi ya yi. In aka yafe masa da arha, ko aka kashe wadda ake so, to marubuciya ta ci amana, ko da kuwa shafi ɗari biyun da suka gabata sun hana mai karatun barci. Shafi goman ƙarshe su suke cinye makin duka.

Babu inda na ga wannan ƙarara kamar a kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, wanda ya auro Delu ya kori uwar 'ya'yansa. Rabi ta kama sana'ar abinci, ta riƙe yaranta, ta tsaya da ƙafarta, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Shi kuwa duniya ta juya masa baya, dukiya ta tafi. Har nan kowa yana tafi. Sai ga ƙarshe: an taru a kan Rabi, an matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Na ga Yaya ta gama shi, ta wurgar da shi kan gado, ta ce a mayar, ba ta son ganinsa. Saƙon da na kai ke nan: bai yi ba. Amarya kuwa, da ta girme ta da 'yan shekaru kuma ta san abin da ake kira zaman gidan miji, cewa ta yi ai haka ake yi, wa ya taɓa ganin an bar uwar 'ya'ya a waje. Suka kwana biyu suna musu a tsakar gida, ɗaya tana tankaɗe ɗaya tana wanke-wanke, kuma duk cikin musun babu wadda ta ambaci marubuciyar. Rabi ake yi wa faɗa, kamar tana ɗaki na gaba tana ji.

Ni a ganina fushin Yaya shi ne babbar shaidar cewa littafin ya yi. Balaraba ba ta ba mai karatu alewar da ya miƙo hannu yana jira ba, ta nuna masa yadda dangi da unguwa suke yi da mace in ta fara numfashi. Wanda ya ji zafin haka ya karanta littafin da kyau. Sai dai in da a lokacin an miƙo wa Yaya waya an ce danna, tauraro ɗaya za ta danna, kuma a haka zai zauna. Littafin nan daga baya Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012, ya shiga hannun mutanen da ba su taɓa taka Kano ba.

Abu na biyu da ake nema shi ne darasi. Da wuya ka ji Bahaushe ya yabi littafi bai ce "akwai darasi" ko "ya faɗakar" ba. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa mayafi ne da ake yafa wa jin daɗi don ya fita cikin mutane. Yarinyar da ta kwana tana bin Sumayya da Muhammad a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ba wa'azi ya hana ta barci ba, amma in malaminta ya kama ta da shi, ko uwarta, darasin auren dole za ta kawo. Ban ga laifinta ba. A garin da aka taɓa tara littattafan da aka ƙwace daga hannun 'yan makaranta mata aka cinna musu wuta, kamar yadda hukumar A Daidaita Sahu ta yi a Kano a 2007, dole mai karatu ya tanadi hujja a aljihu. Illar dai ita ce marubuta sun ji, sai wasu suka koma liƙa wa'azi a shafin ƙarshe kamar yadda ake liƙa takardar farashi a jikin kaya, labari ya tafi gabas, darasi ya tafi yamma.

Ba masu karatu kaɗai ke yanke hukunci ba: tarihin ƙagaggen rubutun zube na Hausa ya fara ne da alƙalanci daga sama. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka fitar da biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Gasa ce kuma ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa take ɗora wa alƙalai nauyin zaɓen gajerun labaran mata. Waɗancan littattafan farko makaranta ce ta riƙe su, aka sa su a manhaja, aka yi jarrabawa a kansu, don haka da wuya a rarrabe wanda aka so da wanda aka haddace saboda tsoron bulala. Amma akwai gwajin da nake yi wa tsofaffin 'yan boko. In na ambaci Ruwan Bagaja, kafin in rufe baki fuska ta washe, an ce "Malam Zurƙe!" Shekara hamsin da barin aji, sunan abokin gaban tauraron ne ya fara zuwa, da dariyarsa. Wannan makin babu malamin da ya koyar da shi.

Da littattafan soyayya suka cika kasuwa, masana ma sun yi nasu zaman shari'ar. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, sunan da ke tuna wa mutum 'yan littattafan kasuwar Onica, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi ta gwabzawa a jaridu cikin shekarun 1990, musamman a shafukan adabi da Ibrahim Sheme ya riƙe. Masu sukar ba ƙarya suka yi ba. Akwai rubutun da babu ƙa'ida, akwai shafukan da aka buga a juye, akwai labaran da ka san daga fim ɗin Indiya aka kwaso su. Duk wannan Yaya ta sani, ta fi kowa tsaki in ta tarar an tsallake shafi. Tambayarta ce daban. Malami yana tambaya ko an iya rubutu, ita tana tambaya ko an san halin da take ciki. Ana can ana muhawara a jarida, ni ina nan ina safa da baƙar leda.

Yau igiyoyin sun ragu, karatun ya koma waya, kuma wani abu ya canza wanda ya fi komawa wayar muhimmanci. Da, sai an gama ake hukunci, ko aƙalla sai an gama kashi guda. Yanzu marubuciya tana sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, ta ba da 'yan shafukan ɗanɗano kyauta, sannan ta ce daga nan littafin kuɗi ne, mai so ya biya. Kowane dare ana yanke mata hukunci kan abin da ta rubuta da rana. Masu karatu sukan rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, kowane ɓangare yana roƙo, yana barazana, yana rantsuwar in aka kashe wane ya daina karantawa. Ita ma takan yi nata yajin, ta ce in ba a yi sharhi ba babu ci gaba. Wato mai cin tuwo ya shigo madafa, yana tsaye a kan mai tuƙi yana cewa ƙara gari, rage wuta. Wasu marubutan suna da ƙashin bayan da za su yi kunnen uwar shegu. Da yawa ba su da shi, kuma ba na zarginsu, tunda masu ihun su ne masu biya. Sai labari ya yi ta tsawo saboda ana jin daɗin wane da wance, mugu ya shiryu dare ɗaya saboda ya yi farin jini, wadda ya kamata ta mutu ta farfaɗo a asibiti. Da a ce haka Balaraba ta rubuta nata, dare ɗaya za a tashi a kanta, kuma ina jin tsoron Rabi ba za ta koma ba. Da an sami ƙarshe mai daɗi, da kuma babu abin da zai sa mata biyu su kwana biyu suna musu a tsakar gida.

Bara na je gaishe da Yaya. Yanzu tana da jikoki, ta sha nata zaman, wanda ba nawa ba ne in faɗa. Muna hira na tuna mata ranar da ta wurgar da littafi ta ce bai yi ba. Ta yi shiru tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, sannan ta ce ita ba ta tuna ta faɗi haka ba.

Na ce, "Yaya, ni fa na kai saƙon."

Ta ce, "To, yarinta ce. Matar nan ai gaskiya ta faɗa." Ta ɗan juya kofin shayin da ke gabanta. "Amma har gobe ban yafe wa Alhaji Abdu ba."

Da na tashi tafiya ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta ce in na shiga kasuwa in duba mata ko har yanzu ana samunsa, in an samu in taho mata da shi, amma mai manyan baƙaƙe, don idon ya fara gajiya. Na ce to. Ta ce kuma in sa shi a leda.